Ƙaiƙayi a wuyan surukai

Jama'a, yau na yi wa surukaina wanka da ƙaiƙayin gero!

Ina sheƙa a tudun bayan gari, inda iska ba ta kwanciya, sai ga dattawa biyu bisa moto, wato babur. Na ɗaga murya: "Malam, ku zagaya, iskar wajenku take yi!" Na bayan ya ce, "Baiwar Allah, hanyar taki ce?" To, ai iskar ma ba tawa ba ce. Na ɗaga ƙwarya na zazzage. Suka wuce fari fat suna atishawa!

Ina komowa gida na iske ɗiyata Hajara tana kuka. Wai baffannin saurayinta sun zo daga Gidan Sori neman aurenta, wata mahaukaciya ta ɓata su a hanya, ransu a ɓace. Na leƙa zaure. Su ne! Suna ta susa gaban maigidana.

Dattijon da ya yi mini magana a hanya ya gane ni. Ya ce, "Yarinyar ma halinki gare ta?"

Na ce, "Ta fi ni, Alhaji."

Ya sosa wuya ya ce, "Madalla, yaronmu ya samu mai miƙe shi. A ba mu ruwan wanka kafin a yi fatiha."