Tsakin da Na Yi wa Shugaban Wasu

Shekarar da aka garƙame boda, lemo na ɗauko zan kai Maraɗi. Mota ta tsaya a Jibiya, ba gaba ba baya. Na ƙasan buhu ya fara ruwa, ƙudaje suka gano mu.

Ranar sabuwar shekara aka ce shugaban ƙasa zai yi jawabi. Ban yi boko ba, sai na tafi teburin mai shayi, inda rediyo ke fassarawa da Hausa. Abu ɗaya nake jiran ji: yaushe za a buɗe.

An yi maganar tsaro, an yi ta noma, an ce talaka ya ƙara haƙuri. Ina ta tsaki, har mai fassara ya ambaci sefa.

Na ce, "Kai, yaushe munka koma sefa?"

Mai shayi ya duba rediyon, ya tuntsure da dariya. "Baba, ai tashar Maraɗi ce. Tun ɗazu shugaban Nijar kake ma tsaki."

"To murɗo muna namu."

Ya murɗo. Wallahi ba don naira ba, da ban gane an canza ba. Tsaro, noma, haƙuri. Na zauna har aka gama, namu ma bai ambaci boda ba.

Na koma gindin mota na kwance buhunan. Mai kyau na kasa shi a bakin titi. Sauran, wanda ya fi yawa, na juye shi a rami.