Fishiyen da ya tsallaka iyaka

Ba na jin akwai ranar da zan manta da fishiyen nan guda ɗaya, wato fayil na kwamfuta, da ya hana ni sukuni a Gaya, shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Benin.

Na gama jami'a, babu aiki, sai na shiga cikin masu sa kai da ke harhaɗa lojisiyel, wato manhaja, na kyauta don kowa ya sa a kwamfutarsa. Suka ba ni aikina na farko, suka ce in ban gama kafin su fitar da sabon zubi ba, wani zai karɓa. Aikin kuwa bai taka kara ya karya ba: in sauko da fishiye ɗaya daga shafin mai shi, in gwada lambar shaidarsa da wadda ya wallafa. Idan ko harafi ɗaya ya canza a ciki, lambar ba za ta dace ba.

Rezonmu, wato layin sadarwarmu, ya yi rauni, don haka nake aron wayar kawuna, direban kamiyo, babbar motar kaya, da rufe iyakar ya zaunar a gida. Layin Benin ne a cikinta, yana kamawa daga ƙetaren kogi.

Na sauko da fishiyen, lamba ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Nan take na ƙudurta cewa wataƙila hukuma ce ke taɓa shi a hanya. Na ƙi buɗe shi, kada in ga abin da bai kamata in gani ba. Har na rubuta wa abokan aikin cewa, ko da yake ban tabbata ba, mai yiwuwa ana bibiyata.

“Kawu, ina jin sojoji sun sa mini ido,” na ce a hankali.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. “Kai ɗin? Ɗana, ko mahaifiyarka sai ta leƙa ɗaki take sanin kana gida.”

Sai da wa'adi ya wuce, aka ba wani aikin, sannan na yi ƙarfin hali na buɗe. Ba lojisiyel ba ne. Shafin kamfanin wayar Benin ne da ke tare hanya, yana yi mini barka da zuwa ƙasarsu, ni da ban bar tsakar gidanmu ba.

Lambar ta yi aikinta, ta ce abin da ya iso ba shi aka aiko ba. Tun daga nan, in lamba ta ƙi dacewa, nakan fara buɗe fishiyen in duba da idona, kafin in ɗauka gwamnati ta san da zamana.