Shafin da Ya Ɓace wa Malam A-Sake

Ƙarfe biyu na rana, lokacin da duk mai hankali ke neman inuwa, a lokacin ne Malam A-Sake ke jingine kekensa a bangon zauren wasan kwaikwayo. Sai ya laluba aljihu uku kafin ya samo makulli, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan bai taɓa dacewa a aljihun farko ba. Ya buɗe tagogi, ya kunna tsohuwar fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska, sannan ya ɗauki tsintsiya ya share dandamali da kansa. An sha karɓe masa tsintsiyar, yana karɓe abarsa. A cewarsa, wanda bai san inda ƙusa ta leƙo a katako ba, bai isa ya ce wa ɗan wani ya durƙusa a wurin ba. In ya gama sai ya zana layukan alli inda kowa zai tsaya, ya koma benci na uku ya zauna yana jiran mutanensa.

Mutanen nasa kuwa ba wasu taurari ba ne. Akwai direban bas, akwai kafinta, akwai malamar jinya, akwai kuma tela, wadda kowa ke kira Yaya Babba domin ta girme su duka. Sai sun tashi daga neman abinci suke zuwa, a gajiye, shi kuma ya mai da su sarakuna da alƙalai da iyayen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kuka dominsu. Shi ne mai ba da umarni, amma in ka duba takardar sanarwar wasa, sai ka sa tabarau kafin ka ga sunansa a can ƙasa.

Yadda yake aikin ne dai har yau ba wanda ya gane. Bai taɓa hawa dandamali ya ce "ga yadda za ka yi" ba. Tambaya kawai yake jefa maka, ya bar ka da ita. Direba ya ba da labarin ranar da aka ba shi fitowa a sarki. Ya shigo yana buɗa kafaɗa, yana taƙama, sai Malam ya ce ya sa 'yar tsakuwa a takalminsa ya sake shigowa.

"Malam, sarki ne fa!"

"To, sarki ba shi da ƙafa ne? A sake."

Direba ya rantse har gobe bai san abin da tsakuwa ta haɗa da sarauta ba. Abin da ya sani shi ne, ranar wasan ya shigo yana ɓoye ɗingishi, mutane suka ga tsohon sarki mai ciwon da ba ya so a sani, zauren ya yi tsit. Kafinta kuma sallama guda aka sa shi ya yi sau arba'in, har ya zauna a bakin dandamali ya ce shi kam ya manta yadda ake shiga ɗaki. Malam ya ce madalla, yanzu aka fara. Daga irin wannan ne sunan A-Sake ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa in ta so tsokana.

Kai ne, Malam, ka koya wa mutanen da ba su gama makaranta ba su tsaya gaban ɗaruruwa ba tare da tsoro ba. Kai ne mai jan kunne ba da hannu ba. Amma ba don wannan kaɗai muka ɗauko alƙalami ba. Akwai abin da ya faru a makon ƙarshe na aikinka, kuma dole a faɗe shi.

Akwai wani tsohon wasa da aka fi sanin Malam da shi. Labarin wata uwa ce da ɗanta ya gudo daga fagen yaƙi, ta ɓoye shi a ɗakin ajiya. Sojoji suka zo, shugabansu ya tambaye ta, "Yana nan?" A kwafin da Malam ke aiki da shi, a nan takardar ke ƙarewa. In ka juya, sabon fage ne, an riga an tafi da yaron. Kwafin na tafireta ne, ya gaje shi daga malaminsa, ba lamba a shafukan, kuma daga shi aka yi ta buga wasu shekara da shekaru. Malam ya fahimci cewa uwar shiru ta yi. A kan wannan shirun ya gina komai. Yakan sa a yi minti guda cur ba wanda ya motsa, uwar na kallon sojan ido cikin ido, sannan a ja labule. Ya koyar da shirun nan ga ɗalibai sun fi ɗari biyu, da yawansu yanzu malaman makaranta ne, suna koyar da shi haka. Yaya Babba kuwa shekara goma sha tara tana fitowa a uwar, har mata kan tare ta a hanya su ce, "Allah Ya ba mu zuciya irin taki."

Da wannan wasan aka shirya yi masa sallama. Saura kwana shida, sai ga mai sayar da tsofaffin littattafai na bakin titi ya shigo zauren, yana washe baki, da ɗan ƙunshi a hannu. Ya ce ya ci karo da bugun asali na wasan cikin wasu kaya da aka kawo masa, ya ga ba wanda ya cancanta sai Malam. Malam ya yi godiya har da rungume shi. Bayan ya tafi, ya koma bencinsa yana juya shafukan cikin nishaɗi, har ya iso inda sojan ke cewa, "Yana nan?"

Ashe uwar ta amsa.

"Yana ɗakin ajiya, bayan buhuna," in ji ta. Sojan ya ce, "Ba mu tilasta ki ba." Ta ce, "Na sani." Shafi guda ne cif, da 'yan maganganu da motsin sojoji, ba dalili, ba bayani. Shi ne ya faɗi daga kwafin malaminsa tun kafin ya zo hannunsa.

Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya duba bangon littafin ko wani wasan ne daban. Ya karanta shafin daga ƙasa zuwa sama, sai ka ce hakan zai canza shi. Kansa ya ɗaure tamau. Ranar ya kulle zaure ya tafi gida a ƙafa, sai da ya kai ƙofa matarsa ta tambaye shi ina keken.

Da ya warware mata, sai ta ce, "To wa ya sani? Daga kai sai mai littafin, shi kuwa ba ya karanta abin da yake sayarwa. Saura kwana shida, maigida. Ka sa shi ƙarƙashin katifa, ka sauka da mutuncinka."

Ba mugunta ta yi ba, tausayinsa ta ji. Kuma gaskiya ne, da ya ɓoye, ba mai ganewa. In kuwa ya faɗa, sunan da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ginawa zai zama abin dariya: ga gwanin fassara da ya yi rayuwarsa yana fassara takardar da ta faɗi. Ya sa littafin ƙarƙashin katifar kamar yadda ta ce. Da gari ya waye ya ciro shi, ya ce katifar ta ƙi kwantuwa.

Da la'asar ya tara mutanensa ya karanta musu shafin da bakinsa. Direba ne ya fara magana, ya ce ai tsoro ta ji. Kafinta ya ce ina, kunyar gudun da ɗan ya yi ce ta dame ta. Malamar jinya ta ce duk ba haka ba, gudun kada su harbe shi cikin bincike ne. Kowa ya juyo ga benci na uku yana jiran hukunci, kamar yadda aka saba.

Yaya Babba ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ni ba zan nuna ɗana ba," ta ce. "Shekara goma sha tara ina tsare shi. Ku nemi wata." Ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana biyu ba ta zo ba. A na uku Malam ya bi ta shago. Ya tarar da ita tana taka keken ɗinki kamar da shi suke faɗa. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya kawar da ƙyallaye daga kan kujera ya zauna.

"Yaya, ni na yi kuskuren, ba ke ba."

"Kuskure? Ka sa na ƙaunaci mace, yanzu ka ce mini ban san ta ba." Ta tsayar da keken. "To, na ji. Kai da ba ka rasa tambaya, yau ga tawa guda ɗaya. Me ya sa ta faɗa?"

"Ban sani ba."

"Kai ne fa Malam!"

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Kwana huɗu ina nema. In na kama wannan dalilin sai wancan ya kufce. Abin da na sani kawai, ta faɗa, mu kuma mun rufe mata baki shekara talatin don mu ji daɗinta."

Ita dai tunda take ba ta taɓa jin ya ce bai sani ba. Ta yanke zare da haƙori, ta ce ya tashi mata daga kan rigar mutane. Washegari ƙarfe huɗu sai ga ta a zaure, fuska a murtuke. Ta tambaye shi inda za ta tsaya, ya ce bai sani ba. Ta tambaya ko da kuka za ta faɗa ko da faɗa, ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Haka aka yi atisayen ƙarshe, makaho na jan makaho, direba yana ta salati.

Ranar wasan zauren ya cika har tagogi. Kafin a buɗe labule, Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya hau dandamali. Ya ɗaga littafin, ya gaya wa jama'a cewa wasan da ya yi shekaru yana nuna musu da giɓi a ciki, kuma shirun nan da suke yabo nasa ne, ba na marubucin ba. Wani ya yi dariya a baya, yana zaton cikin wasan ne. Da ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye abarsa.

Da aka iso wurin, sojan ya ce, "Yana nan?" Yaya Babba na tsaye tana ninke rigar ɗan. Ba ta daina ninkewa ba. Ta faɗi inda yake a hankali, kamar mai kwatancen hanya. Da aka ce ba a tilasta ta ba, ta ce ta sani. Sannan ta yi abin da ba wanda ya koya mata: ta riga sojojin zuwa ƙofar ɗakin ajiyar, ta buɗe da kanta, ta miƙa wa yaron rigar. Aka ja labule. Ba tafi, ba tari. Can wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Kun ɓata mana ita!" Matar da ke gefenta kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, har aka watse ba ta tashi ba.

A bayan labule Malam ya sami Yaya Babba zaune a kan akwatin kaya. Ya ce, "To, me ya sa ta faɗa?"

"Ni ma ban sani ba, Malam," in ji ta. "Amma da na buɗe baki, na ji ita ta sani."

Har yau in ka tambaye shi ko wasan ya fi kyau haka, sai ya sosa ƙeya ya ce a tambayi wani. Wasu sun yi masa dariyar da matarsa ta hango, ba a fasa ba.

Mun gode, Malam. Kai ne dattijon da aka ba shi damar sauka da rawani, ya zaɓi ya sauka da gaskiya. Duk mai koyar da wani abu, ko a aji, ko a shago, ko a tsakar gida, ya dubi mutumin nan: in ka gano ka koyar ba daidai ba, ka koma ka faɗa, ko da furfura ta cika maka kai.

Shi dai bai huta ba. Ya sa an buga masa shafin nan sau ɗari biyu da 'yan kai, ya rubuta sunayen tsofaffin ɗalibansa gwargwadon abin da ya iya tunawa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya a kan keke, makaranta zuwa makaranta, gida zuwa gida. Ya kai saba'in da uku. Idan wata rana ka ji sallama, ka leƙo ka ga tsoho yana haki, da takarda guda a hannu, yana cewa ya zo neman afuwa, don Allah kada ka bar shi a tsaye. Ka ba shi kujera da ruwa, ka karɓi shafinka.