Baiwar Mama Saratu

Na daɗe ina jin wai akwai wata tsohuwa a cocin wajen Durun, Mama Saratu, wadda in ta zauna da mai makoki sai ya ci abinci. Na ce mutanenmu dai da ƙarin gishiri.

Sai ɗanmu ya rasu. Matata Rifkatu ta ƙi ci, har tashi ya fara gagarar ta. Mun yi addu'a, mun lallashe ta, shiru.

Mama Saratu ta zo da kunu a ƙwarya, ta zauna kusa da ita. Can ta ce, "'Yata, wane abinci yaron nan ya fi so?"

Rifkatu ta ce, "Dambu." Ta fashe da kuka, ta yi ta ba da labarinsa, sannan ta ɗauki ludayi.

Na tambayi Fasto, "Wannan ma baiwa ce?"

Ya ce, "Baba, Ruhun da ya ba ni wa'azi shi ya ba ta ta'aziyya."

Ku wa ke da irin wannan a cocinku?

Ni dai wadda ta ƙara ba ni labarin Mama Saratu ɗazu Rifkatu ce, tana tuƙa mana tuwo.