Darasin Turanci a Bayan Babur

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye aiki na dawo Kankia ba, ɗiyata ta zo daga Kusada fuska ba walwala. Mijinta malamin firamare ne. An ce duk malamin da bai cike takardunsa ba za a sauke shi daga aji, shi kuwa Turanci kaɗai ya tsaya masa. Ya zauna jarrabawar ya faɗi, saura masa dama ɗaya. Ta roƙe ni in koya masa.

Na amsa da ƙarfin gwiwa. Ni da na tsinci Faransanci a kasuwar Maraɗi, na yi ciniki da Larabci a Sudan, na yi aiki da Turawa a Legas, mutum ɗaya ne zai gagare ni?

Abin da ban lissafa ba shi ne surukina ne. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya tsuguna can gefen tabarma, kai a ƙasa. Na yi masa bayanin inda ake sa who da inda ake sa which, da yadda aikatau ke bin mai aikin, ko ɗaya ne ko suna da yawa. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Haka ne, Baba." In na nemi misali, ya ƙara sunkuyawa. Dokokin kam ya haddace su kamar karatun allo, har ya fi ni. Buɗe baki ya yi kuskure a gaban uban matarsa ne ba zai iya ba. A Legas na ga mutum yana gardamar ƙwallo da surukinsa har da nuna yatsa. Mu nan ko ruwa ba ya sha a gabana.

Mai ɗakina da ke jin mu daga tsakar gida ta tambaye ni ko ni zan zauna jarrabawar, don kullum murya ɗaya take ji.

Wata rana da damina ya ɗauke ni a babur zuwa gonata a Tafashiya. Shanu suka tare mana hanya. Ban ma yi tunani ba, na tambaya da Turanci ko na wane ne. Sai na ji amsa ta fito daga gabana, doguwar jimla, wai mutumin da ke kiwon su maƙwabcinsa ne. Ya sa are inda ya kamata ya sa is. Na gyara masa. Ya yi dariya, ya maimaita daidai. Ran nan na fara jin dariyarsa. Idonsa na kan hanya, ni ina bayansa, ba mai ganin fuskar wani.

Daga nan aji ya koma kan babur. Duk abin da muka wuce sai ya sa shi cikin jimla: matan da ke ɗauke da ƙwaryar nono, yaran da ke noma, motar da ta maƙale a laka. Saboda yawan zuwanmu gonar, mai ɗakina ta ce geron nan ya gaji da gaisuwa.

Da sakamako ya fito, ɗiyata ce ta bugo waya. "Baba, ya ci. An bar masa ajinsa."

Na daɗe ina tunanin abin. Duk harsunan da nake taƙama da su a cikin baƙi na koye su, inda za ka yi kwaɓa a yi dariya, gobe ba wanda ya tuna. A gida kuskure nauyi gare shi. Mutanenmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wurin da za su yi kuskure ba tare da sun zubar da girma ba suke nema. In ka samar musu wurin, sauran mai sauƙi ne.