Sau Biyar Zuwa Damagaram Saboda Jadawali

Cikin dukan zaluncin da ɗan Adam ya ƙirƙiro tun saukowarsa duniya, ban san wanda ya kai na mai faɗa maka buƙatunsa ɗaya bayan ɗaya ba. Na sha shi a ofisoshi: ka kawo takardar haihuwa, a ce ina hoto, ka kawo hoto, a ce ina tambari. Ban taɓa zaton ƙarfe ma ya koyi wannan hali ba.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata kwaleji a Mirriya. Duk ƙarshen damina direktanmu kan kwashe sati biyu yana tsara jadawalin darussa da fensir, a ƙarshe kuma a tarar da malami guda a aji biyu lokaci ɗaya. Ni da na ɗan taɓa ordinata, wato kwamfuta, sai na miƙe a taron malamai na ce akwai manhajar da ke gama wannan aiki kafin shayi ya tafasa, a bar mini. Direkta ya miƙo mini fensirinsa a gaban kowa. Saura kwana goma a buɗe lakwal.

Ashe manhajar ba a dafe take zuwa ba. Ɗanyen rubutu ne, kai za ka haɗa shi a baƙin allon nan da ake buga umarni. Na buga configure, wanda aikinsa ya duba ko na'ura na da kayan haɗin. Rubutu ya zubo kamar abin kirki, sannan ya tsaya cak: babu kaza. Rezonmu na intanet a lokacin ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, don haka na kwafe sunan abin a takarda, na hau motar Damagaram, na sauko da shi a kile, ɗan abin ajiyar fayil ɗin nan da ake soka wa ordinata, a siber, wato shagon intanet, na wata tsohuwar ɗalibata.

Na dawo, na saka, na sake bugawa. Ya wuce inda ya tsaya jiya da layi uku, ya ce babu wani kazan. To, jiya akwai shi ne? Me ya hana a faɗa mini tun jiya? Haka na yi ta sintiri, har direban motar ya tambaye ni wa nake jinya a asibiti. Malamai kuwa da sun hango ni sai su ce, "Mushe, shayin dai bai tafasa ba?"

A zuwa na biyar, saura kwana biyu, ɗalibar tawa ta ce, "Mushe, yau kuma me ta nema?"

"Ba nema take ba, ƴata, wulaƙanci take. Wanda ya rubuta wannan abu, da ɗalibina ne, da ya maimaita aji. Mai tarbiyya gaba ɗaya yake faɗa maka abin da yake so."

"Ku ba ni kilen in gani."

Cikin fayilolin manhajar da ke kan kilen ta nuna mini wani ɗan fayil a can sama, sunansa da manyan baƙaƙe, ma'anarsa wai "karanta ni".

"Kun buɗe wannan?"

"Wannan ai gabatarwa ce. Wa ke karanta gabatarwa?"

"Mu dai kun sa mun karanta, har ta fito a jarrabawa."

Ta buɗe shi, ta fara sauke sauran kayan ba tare da ta sake tambayata komai ba. A layi na shida an jera su duka, guda bakwai, kowanne da lambarsa.