Hannu a Kunne

Kunnena na hagu a daji ya mutu. Da gindin bindiga anka doke ni. Ba ya jin maganar mutane, amma bai yi shiru ba. Wata ƙara yake yi kamar injin niƙa daga nesa. In na dafe shi da tafin hannu na danne, takan ragu.

Daga gona anka kwashe mu, gefen Burkusuma, muna tsakar yankan gero. Mu bakwai. Wata biyu da 'yan kwanaki munka yi a hannun 'yan bindiga, mu uku munka fito. Abin da ya faru can ba za ni faɗe shi nan ba. Da anka sako ni na tarar ƙauyenmu ba kowa, har kaji. Ƙanena ya ɗauke ni bisa babur ya kai ni gidan da yake zaune cikin Sabon Birni.

Ɗaki uku ne gidan, mun fi ashirin. Kowa daga wani wuri ya gudo. Daka, kukan jarirai, rediyo, gardamar wanda ya ƙarar da ruwan randa. Ga masu zuwa jaje. Mutum zai zauna gabanka ya ce sannu, sannan ya gyara zama yana jiran labari. Wata mata ta zo da hoton ɗanta, tana tambaya ko na gan shi can. Na gan shi. Na ce ban gan shi ba. Masallaci ma ban tsira ba. Liman yana sallama sai ka ji an dafa kafaɗarka.

Ƙirjina ya yi nauyi. Tuwo ya daina wucewa.

Wata rana bayan la'asar na fita ina tafiya, har gidaje sunka ƙare. Akwai wani tudu inda ake haƙar ƙasar tubali a da, da itacen aduwa guda. Na zauna gindinta. Ba wanda ya ce mini sannu. Tururuwa na jan hatsi, kurciya na sauka tana tashi. Na dafe kunnena, ƙarar ta kwanta. Na yi istigfari iya abin da na iya. Sannan na kira sunayen mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na roƙa musu gafara. Na gaya wa ɗan matar nan cewa uwarsa ta zo nemansa, kuma na yi mata ƙarya. Da rana ta yi ja na tashi. Ranar na ci tuwo.

Kullum sai na koma.

Ƙanena ya tare ni a zaure. "Yaya, ina kake zuwa haka kullum?"

"Bayan gari."

"Kullum la'asar? Cikin nan naka agogo gare shi?"

Ban yi dariya ba, shi ma bai ƙara ba.

Lokacin an yanke layin waya a ƙasarmu. Mai son magana sai ya sa layin Nijar, ya nemi wuri mai tudu, can yake kamawa. Kuma kowa ya san ba a faɗa wa gari sai da ɗan ciki mai buga waya ya ce ga inda shanu suke, ga wanda ya sayar da albasa. Infoma ake ce musu. Wanda anka liƙa wa sunan nan ba ya kai wa gaban alƙali. Duk na san wannan. Ban dai taɓa tsayawa na dubi kaina daga nesa ba: mutum shi kaɗai bisa tudu, hannu a kunne, baki yana motsi.

Ranar da sunka zo, ta hagu sunka biyo. 'Yan sa-kai uku ne da bindigogin gida da layu a wuya. Babbansu na san shi, mahauci ne a da. Sun ce sau uku sunka kira ni ban waiga ba. Ni inuwarsu na fara gani.

"Sauke wayar!"

Na sauke hannu. Ba komai ciki.

"Ina ka jefa ta?"

Sunka laluba aljihuna, sunka zazzage hula, sunka tone ƙasar da nake zaune. Ɗaya ya hau aduwar, ƙaya ta yage masa wando. Rabin goro da carbi sunka samu. Rashin samun ya ƙara fusata su. Sunka tasa ni gaba zuwa ƙofar mai unguwa.

Kafin mu isa gari ya taru. Na ji wani yana cewa, "Shi ya sa sunka sako shi." Wani ya ce, "Su bakwai anka tafi da su, don mi shi ke da rai?" Wasu sun ɗauko sanduna. Cikinsu har da waɗanda sunka zo mini jaje.

Mai unguwa tsoho ne, yana zaune bisa buzu. Ya dube ni ya daɗe.

"Mi kake yi bisa tudu?"

"Zama, ranka shi daɗe."

"Zaman mi?"

"Zama kawai."

Anka yi dariya, mummunar dariya. Mahaucin ya ce, "Baba, ka ji ko? Ƙato da hannu da ƙafa ya tafi daji zama kawai. Kai waliyyi ne ko mahaukaci?"

Mai unguwa ya ɗaga masa hannu. "An ga bakinka yana motsi. Da wa kake magana?"

"Da matattu."

Dariyar ta tsaya. Ƙanena ya kutso yana haki, ba takalmi. Ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai taɓa mallakar waya ba, ko lamba bai iya karantawa. Kunnen ne 'yan bindiga sunka fasa masa. Dafe shi yake yi. Wallahi ko a gida haka yake yi."

"Kowa ya iya cewa haka," in ji mahaucin.

Mai unguwa ya shiga tambayata sunan ubana da na kakana, da wa ke noma gabas da gonarmu. Ina ba shi amsa ina kallon gemunsa. Can na ga ƙanena ya rufe fuska da hannu biyu. Ban san dalili ba. Daga baya ya gaya mini. Ashe mahaucin ya zagaya bayana, ya kawo bakinsa dab da kunnen hagu, ya raɗa mini cewa in yi kalmar shahada, yanzu zai harbe ni. Waɗanda ke kusa sun ji. Ni ban ji komai ba, ina ta lissafa maƙwabtan gona.

Abin da ya cece ni ke nan.

Mai unguwa ya ce a watse. Da mutane sunka ragu ya ce in matso ta dama.

"Ba ka yi laifi ba. Amma tudun nan ka bar shi. Zamanin nan ba a zama haka nan, hannu banza. Gobe wanda zai gan ka ba zai kawo ka nan ba."

Na ce, "To ina za ni zauna?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Kwana biyar ina gida. Nauyin ya dawo. Rana ta shida na samo kaba na jiƙa ta. Ubana ya koya mini tufka tun ina ƙarami. Na tafi bakin kara, inda ake sayar da dabbobi ranar kasuwa, sauran ranaku kuwa ba kowa sai masu wucewa. Na jingina da wata katanga inda kowa zai iya ganina, na ɗaure bakin igiya a babban yatsan ƙafa, na fara murzawa.

Mai wucewa ya ce, "Sannu da aiki." In ce, "Yawwa." Ya wuce. Ba a tambayar mai aiki abin da ke ransa.

Can nake zama yanzu, la'asar zuwa faɗuwar rana. Tufka hannu biyu take ci, don haka kunnen yana ta ƙararsa, ba mai danne shi. Bakina a rufe. Sunayen a ciki nake kiransu, kowane suna da murɗarsa. Bai kai tudun ba. Amma ina cin tuwo.

Igiya ta cika kusurwar ɗaki. Matar ƙanena ta ce mi za a yi da ita, ba saniya ba jaki. Na ce ta shanya kaya.

Ran nan mahaucin ya biyo da bindigarsa a kafaɗa. Ya tsaya ta dama.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa."

Ya ɗauki wadda na gama, ya ja ta da ƙarfi tsakanin hannuwansa. "Tana da ƙwari. Za ka ba ni?"

Na ba shi. Ban tambaye shi abin da zai ɗaure da ita ba.